Duron taki mai juyawa a makarantun Legas: wa ya kamata ya saya, wa ya kamata ya haƙura

Yawancin ƙungiyoyin ɗaliban da suka yi niyyar mayar da ragowar abinci taki, abin da suke fara nema shi ne duro mai juyawa. Shi ne shuɗin duron roban nan mai cin lita 200, wanda mai walda ke kwantarwa a kan ƙafafun ƙarfe, ya soke shi da bututu ta tsakiya, ya yanka masa ƙofa a ciki, domin a zuba shara a rufe a riƙa mirgina shi da hannu. Akwai kuma na kanti da ake shigowa da shi daga waje, baƙi, mai ɗaki biyu. Wannan sharhi a kan su biyun yake, kuma mun rubuta shi ne domin 'yan uwanmu da ke karatu ko neman halaliyarsu a harabar manyan makarantun Legas, daga Akoka da Yaba har zuwa Ojo: ɗalibai, masu shayi, masu suya, masu sayar da kayan marmari, da masu lambun da takin zai ƙare a hannunsu.

Ga hukuncinmu tun da farko. Duron da ake ƙerawa a gida abu ne mai kyau, kuma muna ba da shawarar a saye shi, matuƙar sharar da ake fitarwa ba ta wuce kilo 5 zuwa 6 a rana ba. Ya dace da rumfar mai shayi, ko teburin mai lemo da kankana, ko ɓangare ɗaya na ɗakin kwanan ɗalibai. Wanda ya saye shi domin babban kicin mai ciyar da ɗaruruwan mutane kuwa, ya zubar da kuɗinsa, kuma ba a cika wata guda ba zai ji wari yana kiran hukumar makaranta.

Dalilin lissafi ne kawai. Ba a cika duro har baki, domin kayan ciki suna buƙatar wurin faɗuwa idan an juya, kuma iska tana buƙatar wurin zama. Kashi biyu cikin uku ake cikawa, wato kimanin lita 130. Rabin wannan ma ba abinci ba ne, busassun kaya ne da dole a haɗa. Ragowar abinci tana da nauyin kusan rabin kilo a kowace lita, don haka abin da duro ɗaya zai ɗauka a zubi guda bai wuce kilo 30 zuwa 35 ba. Idan kaɗan-kaɗan ake zubawa yana lotsawa, yana iya kaiwa 50. Daga ranar da aka rufe shi kuma sai ya yi mako 3 zuwa 4 ba a ƙara masa komai ba. To a ɗauka kicin yana fitar da kilo 40 a kullum, wanda ba wani abu ba ne ga wurin da ake fere doya da agada da safe, a kankare tukwanen shinkafa da yamma. Duro guda zai cika kowace rana, kuma kafin na farko ya saki, ana buƙatar duro 21 zuwa 28 a jere, kowanne da mai juya shi. Babu mai sayarwar da zai yi maka wannan lissafin. Mai shayin da ke tara kilo 4 ko 5 na ɓawon ƙwai da ganyen shayi da ɓawon albasa da gutsuren burodi kuwa, kwana 8 zuwa 10 zai yi kafin ya cika ɗaya, don haka duro 3 ko 4 sun riƙe shi shekara da shekaru.

Abin da ya sa muke son duron duk da ƙanƙantarsa shi ne ya amsa matsaloli biyu da suka fi damun mai haɗa taki a Legas. Na farko ruwa. A gida Arewa ramin taki ake haƙawa, a zuba kara da kashin dabbobi, a riƙa ba shi ruwa don kada ya bushe. Wanda ya zo da wannan dabara bakin lagun, wato babban tafkin Legas da ke haɗe da teku, zai sha mamaki, domin a wurare da yawa na Legas ruwan ƙasa yana kusa, kuma damina tana farawa tun wajen Afrilu ba ta tafiya sai Oktoba ta wuce, da ɗan sararin da ake samu a Agusta. Rami a watan Yuni kududdufi ne. Abin da ke ciki ba zai zama taki ba, ruɓewa zai yi babu iska, ya yi baƙi ya yi yauƙi. Duro a sama yake, ruwan ƙasa bai isa gare shi ba. Na biyu ɓera da gafiya. Tulin shara a buɗe kusa da ɗakin kwana gayyata ce gare su, shi kuwa duro a rufe yake, a rataye, idan an yi masa ƙofar kirki.

Sai dai kalmar nan "idan" tana da nauyi, domin ingancin duron gaba ɗaya yana hannun mai waldar da ya haɗa shi, kuma yawancinsu ba su taɓa haɗa taki ba. Ƙofa da tagar gida suka saba yi. Saboda haka mai saye shi ne zai faɗi abin da yake so dalla-dalla, ya kuma nemi a ba shi farashin kowane ɓangare daban.

A fara da duron kansa. A tambayi abin da ya taɓa ɗauka, a buɗe a shinshina. Wanda ya ɗauki kayan abinci shi ake nema. Wanda ya ɗauki fenti, ko maganin ƙwari, ko wani kemikal da ba a san kansa ba, a bar shi ko da kyauta ne, domin roba tana shan abin da ya zauna a cikinta, kuma takin a kan alayyahu da latas zai ƙare. Bututun tsakiya ya zama mai rufin tutiya wanda ba ya saurin tsatsa, faɗinsa inci ɗaya da rabi. Baƙin ƙarfe ya fi araha, amma araha ba ta ado: danshin ciki da iskar gishirin da ke tasowa daga teku za su cinye shi, wata rana a zo juyawa ya karye da kaya kilo 60 a kansa. Inda bututun ya ratsa robar, gefe da gefe, dole a ɗaura faifan ƙarfe ko katako mai kauri da noti, ciki da waje. Wannan shi ne wurin da yawancin durorin ke fara lalacewa. Nauyi duka a kan bakin ramin yake sauka, roba tana buɗewa a hankali har ramin ya zama dogo, duron ya karkace ya ƙi juyuwa. Boris a kan ƙafafu yana sauƙaƙa juyi, amma ba dole ba ne. Ɗan guntun bututu mai faɗi da aka shafa wa giris yana yin aikin, kuma ba ya cijewa idan ruwan taki ya zubo masa.

Ƙofa kada ta gaza santimita 30 a tsaye, 30 a kwance. Ƙaramar ƙofa tana da kyan gani ranar da aka kawo duron, ranar kwashe taki ne ake gane kuskuren, lokacin da shebur ya ƙi shiga. A yi wa bakin ƙofar firam na ƙarfe ko katako, domin robar da aka yanka tana lanƙwashewa a rana, ta bar kafar da ɓera zai sa haƙori. Sakata biyu, ba ɗaya ba, kuma da wurin sa kwado, saboda a makaranta duk abin da ke da murfi kwandon shara ne a idon mai wucewa. A ciki a ɗaura fukafukai 3 ko 4 a tsawon duron, na katako ko rabin bututun roba, masu tsayin santimita 8 zuwa 10. Idan babu su, kayan ciki zamewa kawai suke yi a jikin roba mai santsi, duro yana juyawa su suna zaune inda suke. Ramukan iska na milimita 8 zuwa 10 ake hudawa, tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsu, a fuskokin biyu da kuma layi biyu a jiki, sannan a lulluɓe su da ragar ƙarfe ta ciki. Ragar sauro ta roba ba ta kwana biyu a gaban ɓera. A ƙasa, wato gefen da ke kishiyar ƙofa, a huda wasu 5 ko 6 domin tsiyayar ruwa. Ƙafafu kuma su ɗaga duron yadda baro zai shiga ƙarƙashinsa, kimanin santimita 65 zuwa 70 daga ƙasa. Da yawa suna mance wannan, sai a koma zubar da taki a ƙasa ana kwasa da hannu.

Na kantin mai ɗaki biyu ba sai an daɗe a kansa ba. Dabararsa mai kyau ce: ana cika ɗaki ɗaya yayin da ɗayan ke nuna. Amma ɗakunan biyu a haɗe yawanci ba su wuce lita 140 zuwa 160 ba, kowanne ya yi ƙanƙantar da ba zai riƙe zafi ba. Jikinsa falle-fallen roba ne da aka haɗa da tarin ƙananan noti, ruwa yana ɗiga ta kowace mahaɗa, ƙafafunsa siraran bututu ne masu fenti, ƙofarsa ta turawa ce mai cijewa idan datti ya shiga hanyarta. An yi shi ne domin iyali ɗaya mai ɗan ɓawon kayan lambu a ƙasar sanyi. Idan wani abu ya karye ba a samun madadinsa a kasuwa, alhali na gida kowane mai walda a Mushin ko Agege zai gyara shi. Haka nan injin lantarkin da ake tallatawa cewa yana yin taki cikin 'yan sa'o'i: busarwa yake yi ya niƙa, abin da ke fitowa garin busasshen abinci ne, da ya sha ruwa zai koma ruɓa, ga kuma cin wuta.

Yanzu ga abin da ya fi duron kansa muhimmanci, wanda kuma a kansa ne yawancin ayyukan nan ke mutuwa: busassun kaya. Ƙananan halittun da ke dafa taki suna son abinci mai kashi 25 zuwa 30 na kabon (sinadarin da ya yawaita a busassun kaya) a kan kashi 1 na naitirojin (sinadarin da ya fi yawa a ɗanyen abinci da kashin dabbobi), da danshin kashi 50 zuwa 60 cikin 100. Ragowar abinci ita kaɗai tana tsakanin 15 da 20 a kan 1, kuma kashi 70 zuwa 80 cikin 100 nata ruwa ne. Ma'ana ta yi jiƙa da yawa, ta kuma yi ƙarfi da yawa. Garin katako shi ne kishiyarta, kabon ɗinsa yana haura 200 a kan 1, ga shan ruwa. Ƙa'idar da ke aiki ita ce bokiti ɗaya na abinci, bokiti ɗaya na busasshen garin katako. Idan busasshen ganye ne ko yagaggen kwali, su ba su da nauyi, sai a yi bokiti 2 zuwa 3. Duk wanda bai tanadi buhunan busassun kaya na aƙalla wata guda a ƙarƙashin rumfa ba, kada ya zuba ko ɓawon ayaba ɗaya a duron.

Alhamdu lillahi garin katako ba ya wuya a Legas. Duk wanda ya bi gadar Third Mainland a shekarun baya ya san Oko Baba, sansanin masu tsaga katako a Ebute Metta, da gungumen da ke yawo a kan ruwa a wancan lokaci, kuma kusan kowace unguwa tana da masu yankan katako da ke neman wanda zai rage musu tulin. Amma a kula da abu uku. Garin da ya fito daga gungumen da ya kwana a lagun jiƙaƙƙe ne, sai an baza shi ya bushe, in ba haka ba ruwa ake ƙara wa ruwa. Garin filawud da na allunan da aka manne da gam, da na katakon da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai, ba ya shiga taki ko kaɗan, don haka a fi karɓa daga masu tsaga ɗanyen gungume maimakon shagon masu kujeru. Sannan gari mai laushi sosai yana danƙarewa ya toshe iska. A gauraya shi da sassaƙe mai kauri irin wanda injin goge katako ke fitarwa, kashi ɗaya cikin uku. A cikin makaranta ma akwai abin da ake zubarwa kullum wanda zai yi aikin: kwalin taliyar mai shayi idan an cire masa salatif, kiret ɗin ƙwai na takarda, ganyen da masu shara ke tarawa su cinna wa wuta. Kiret ɗin ƙwai ya fi su duka, domin siffarsa tana barin kafofin iska.

Ana gane danshi da hannu, ba a buƙatar na'ura. A damƙi haɗin a matse. Ya kamata ya zama kamar tsakin da aka yayyafa wa ruwa za a turara dambu: ya dunƙule a tafin hannu, a taɓa shi ya warware, ruwan da zai fito kada ya wuce ɗigo ɗaya ko biyu. Idan ruwa ya bi tsakanin yatsu, a ƙara gari. Idan ya ƙi dunƙulewa, a yayyafa ruwa kaɗan, abin da ba a cika buƙata ba a nan sai ko a tsakiyar hunturu.

Abin da ake zubawa shi ma yana da ƙa'ida, kuma abincin Legas yana da nasa halin. Ɓawon doya, agada, dankali, albasa, ganyen miya, ƙaiƙayin wake, ganyen da aka naɗe alale da shi, ganyen shayi, dakakken ɓawon ƙwai, duk lafiya lau, a dai sassara manya su koma kamar santimita 3 zuwa 5. Shinkafa da teba da amala da tuwo suna shiga, amma su ne masu kawo dunƙulewa. Sitaci yana manne wa juna, kowane juyi yana ƙara mulmula shi, har a buɗe duro a tarar da ƙwallaye masu bushewa a waje, ciki kuwa tsami da wari. Maganinsa a marmashe su cikin garin katako a bokiti kafin a zuba, kuma kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abincin. Miya a tsiyaye ta da kwando tukuna. Manja da man gyaɗa suna lulluɓe kaya su hana iska da ruwa ratsawa, gishirin girki kuma ba ya ruɓewa, yana nan a cikin taki har ya je ya ƙona saiwar shuka. Ɗan abin da ya manne a jikin shinkafa ba komai, amma kwatar da ƙasan tukunyar miya a duro ɓarna ce. Tokar mai suya a tsaya a tafi ɗaya ko biyu a duro guda. Idan ta yi yawa tana kore naitirojin ya fice a iska.

Nama, ƙashi, kan kifi da ganda kada su shiga. Ga dalili. Kafin a ce taki ya kashe ƙwayoyin cuta, ƙa'idar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta shimfiɗa wa takin da ake dafawa a rufaffen mazubi ita ce ya riƙe digiri 55 a ma'aunin Salshiyas na kwana 3 a jere. Tulin da zai iya riƙe irin wannan zafi cikin sauƙi sai ya kai mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi, wato lita 1,000. Duro mai lita 130 a ciki, rataye a iska ta ko'ina, da siririyar roba, yana zubar da zafinsa da sauri. Zafin garin Legas yana taimaka masa, kuma haɗi mai kyau da aka cika a zubi ɗaya yana iya taɓa 50 ko ya ɗan haura, amma sau da yawa a tsakanin 40 da 50 yake tsayawa, da dare ya sauka. Wannan ita ce babbar gazawar duron a fannin aiki, kuma ya kamata mai saye ya san da ita. Ana iya rage ta: a naɗe jikin duron da tsofaffin buhuna ba tare da toshe ramukan iska ba, a kuma sa shebur 2 na kashin kaji ko na awaki a farkon haɗi.  A sayi ma'aunin zafi mai dogon tsinke, a riƙa rubuta abin da ya nuna kowace safiya kafin juyi. Ba a sayar da duron da shi, amma idan babu shi lalube ake yi.

Juyi kuma ba kullum ba. Sau ɗaya a kwana 2 ko 3, zagaye 5 zuwa 6 a hankali, ya wadatar. Sabon duro yana da daɗin juyawa, kowa ya wuce sai ya mirgina, kuma wannan yana fitar da zafin da aka sha wahala aka tara, yana ƙara mulmula ƙwallaye. Bayan juyi a tsayar da shi ƙofa a sama, ramukan tsiyaya a ƙasa.

Hanci ne ke fara sanar da matsala. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ko na kwata yana nufin ruwa ya yi yawa iska ta ƙare: a buɗe, a farfasa dunƙulen da shebur, a zuba bokiti 1 ko 2 na sassaƙe, a tsokane ramukan iska da ƙusa domin suna toshewa. Wari mai hawa kai irin na fitsari yana nufin naitirojin ya yi yawa, maganinsa ƙarin garin katako. Idan babu wari babu zafi, kaya suna nan yadda aka zuba su bayan mako guda, to gari ya yi yawa ko ya bushe, sai a ƙara ɗanyen abinci ko kashin kaji. Za a kuma ga tsutsa, babu makawa a wannan yanayi. Manya masu kauri, masu gaɓa-gaɓa, da ke kai santimita 2 su yi duhu idan sun girma, na wani baƙin ƙuda ne mai kama da zanzaro wanda ba ya cizo ba ya bin abincin mutane. Cin sharar suke yi, kaji da tarwaɗa kuma suna son su. Yawansu dai alama ce cewa duron ya jiƙe kuma bai yi zafi ba. Ƙananan farare masu tsinin kai su ne na ƙudan gida, kuma suna zuwa ne idan an bar abinci a fili. Kowane zubi a rufe shi da gari mai kaurin yatsu uku.

Baƙin ruwan da ke ɗiga ta ƙasa, wasu suna tara shi su kira shi takin ruwa su zuba wa kayan lambu. Kada a yi haka, musamman a kan latas da kabeji da duk abin da ake ci ɗanye. Ruwan abincin da bai gama ruɓewa ba ne, yana iya ɗauke da cuta. A ajiye roba mai garin katako a ƙarƙashi ta shanye shi, a mayar cikin duro. Kada a bari ya bi kwata, domin kwatar Legas a lagun take ƙarewa.

Akwai wahalar da ba ta duron ba ce amma a kansa take sauka, ita ce leda. Kwanon da ɗalibi ya ci ya ajiye yana zuwa da ledar teba, ledar ruwa, tsinken sakace, cokalin roba, takardar magi. Hana amfani da farin mazubin kumfa da gwamnatin jihar ta yi a Janairun 2024 ya taimaka, domin shi idan ya marmashe a taki ba mai iya tsince shi, amma leda tana nan. Shawararmu a fara da sharar da ke fitowa wajen shirya girki kawai, inda mutum ɗaya ko biyu ke fere da yanka, a ba su bokiti mai murfi mai launi daban, a kwashe shi kullum a wanke a mayar. Ragowar kwanuka sai an ga aiki ya zauna. Mai abincin da aka bar wa bokiti ya kwana biyu yana wari a bayan rumfarta ba za ta sake yarda ba, kuma tana da gaskiya.

Haka lokutan makaranta suna da hawa da sauka waɗanda duro ba ya jurewa da kansa. A watan azumi, wajen buɗa-baki a masallacin makaranta, ɓawon kankana da abarba da gwanda da lemo yana ninkuwa, kusan duka ruwa ne, don haka a ƙara gari zuwa bokiti ɗaya da rabi a kan kowane bokiti. Da hutu kuma komai yana tsayawa cak, wani lokacin ba shiri. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata 8 ya ɗauka. Duron da aka bari rabi da jiƙaƙƙen abinci a irin wannan lokaci, abin da za a tarar a cikinsa ba ya gyaruwa. Shi ya sa muke ganin kuskure ne a ɗora aikin a wuyan ɗalibai su kaɗai, komai himmarsu, ga jarrabawa ga kammala karatu. A sa mutumin da ke wurin kullum, mai gadi ko mai kula da furanni ko mai shayin kansa, a yanka masa wani abu a wata, ɗalibai su riƙe awo da rubutu da wayar da kai.

Ga babban kicin, abin da ya dace shi ne ɗakunan bulo 3 a jere a kan daɓen siminti mai ɗan gangare, kowanne mita 1.5 tsawo da faɗi, tsayi mita 1.2, da kafofin iska a jikin bulon, da ragar ƙarfe, da rufin kwano mai baranda. Kowane ɗaki yana cin lita 2,700, wato sharar mako 3 zuwa 4 ta kicin mai kilo 40 a rana, kuma tuli mai wannan girma yana kai digiri 55 zuwa 65 ya zauna a nan. Ana cika na farko, a juye shi cikin na biyu, daga nan zuwa na uku. Yana cin fili da ƙarfin mutum mai shebur, yana kuma buƙatar izinin hukumar makaranta, amma shi ne daidai da girman matsalar. Kowane buhun jiƙaƙƙen abinci da bai hau motar shara zuwa juji irin na Olusosun ba, an rage abin da zai je ya danƙare can yana fitar da iskar gas mai kamawa da wuta, kuma mazauna Ojota ba su manta hayaƙin gobarar jujin ta Maris 2018 ba.

Ko a duro ko a ɗakin bulo, abin da ya fito bayan mako 3 ko 4 bai nuna ba tukuna, duk da alkawarin "taki cikin kwana 14" da ake rubutawa a kwalin na kanti. Ya yi duhu, ya ragu kusan rabi, ba a gane abincin da ke ciki, amma garin katako yana da taurin kai. A juye shi a inuwa a kan katako ko daɓe, a rufe da buhu, a bar shi wata 2, ko 3 idan garin ya yi yawa, ana motsa shi sau ɗaya a mako biyu. Mai lambun da ya zuba ɗanyen taki zai ga ganyen alayyahunsa ya koma ruwan ɗorawa, domin halittun da ke cin katakon suna ƙwace naitirojin daga ƙasa. Kafin a ba kowa, a yi gwaji biyu. A ɗaure danƙi ɗaya mai danshi a leda kwana 3, a buɗe: ƙamshin ƙasa ake so, idan tsami ko wari ya fito a mayar da shi ya ƙara kwana. Sannan a haɗa kashi 1 na takin da kashi 3 na ƙasa a gwangwani, a shuka ƙwayar kokwamba ko masara 10, a shuka wasu 10 a ƙasa zalla a gefe. Idan na takin suka tsiro daidai da na gefen, 8 ko fiye, kuma ganyensu bai ƙone a baki ba, gishiri bai yi yawa ba, ya nuna. A tankaɗe shi da ragar santimita 1, a tsince ledar da ta tsira, manyan gutsattsarin a mayar da su cikin sabon haɗi domin suna ɗauke da halittun da za su tayar da shi da wuri. A kan kunyar ganye, kilo 2 zuwa 3 a kowace murabba'in mita ya isa, a gauraya da ƙasar sama mako guda kafin dashe.